Babi na Biyar: Abin da Ke Biyo Bayan "Dear Sir"

An rubuta adireshi, an sa kwanan wata, an sauko an rubuta "Dear Sir". To sai me? Waƙafi za a sa, ko ruwa biyu, ko a bar wurin haka nan? Idan kuma waƙafi aka sa, kalmar da za ta buɗe layi na gaba da babban baƙi za ta fara ko da ƙarami? Ɗalibai masu shirin jarrabawa suna yin wannan tambaya, masu neman aiki suna yin ta, har ma'aikatan da suka shekara suna rubuta wasiƙun ofis wani lokaci alƙalaminsu yakan tsaya a nan.

Mai tambayar kuwa yana da hujja. Tun a firamare aka koya mana cewa aya ce ke rufe jimla, babban baƙi kuma shi ke buɗe sabuwa. Waƙafi ɗan hutu ne a tsakiyar magana, ba a ɗaga baƙi a bayansa sai in suna ne ya biyo. Ga shi kuma wasiƙar Turanci tana sa waƙafi bayan gaisuwa, ta sauko layi, ta fara da babban baƙi. Dole mai lura ya ce a ransa: ashe dokar ba ta aiki a nan?

Akwai ma abin da ke ɓoye matsalar har mutum ya daɗe bai gan ta ba. Wasiƙun Turanci da yawa suna farawa da "I am writing to", shi kuwa "I" a Turanci kullum babban baƙi ne, ko a farkon jimla ko a tsakiyarta. Sai ranar da mutum ya so farawa da "Thank you" ko "With reference to" ko "Please" shakka za ta kama shi.

Gaisuwa ba ta cikin jimlar farko

Amsar ita ce a fara da babban baƙi, ko wace alama aka sa bayan gaisuwar, ko ma ba a sa komai ba. Ga yadda take:

Dear Sir,
Thank you for your letter of 3 March.

Dalili shi ne, a tsarin wasiƙar Turanci, "Dear Sir" ba ɓangaren jimlar da ke ƙarƙashinta ba ne. Sashe ne mai zaman kansa, yana da layinsa shi kaɗai, kamar yadda adireshi yake da wurinsa, kwanan wata ma yake da nasa. Waƙafin da ke bayansa ba irin wanda ke raba sassan jimla ba ne. Aikinsa kawai ya nuna an kira sunan mutum, an ɗan dakata. Jikin wasiƙa yana farawa ne daga layi na gaba, kuma farkon jimla a Turanci babban baƙi yake ɗauka.

Abin ya yi kama da sallama a ƙofar gida. Baƙo yakan yi sallama daga waje, a amsa, a shigar da shi zaure, ya zauna, sannan ya buɗe baki da abin da ya kawo shi. Ba wanda zai ce sallamar ce rabin jimlarsa ta farko. An yi ta an gama kafin maganar ta soma.

Wanda ke son ganin ƙarfin wannan al'ada ya duba shafin wasiƙun masu karatu na jaridar The Times ta Landan. Wasiƙun suna farawa da "Sir," sannan maganar ta ci gaba a kan layin nan guda, ba tare da an sauko ba, amma duk da haka kalmar da ta biyo waƙafin da babban baƙi take farawa. Wato ko da aka matse gaisuwar da jimlar a layi ɗaya don tsimin wuri, jaridar ba ta yarda sun zama abu guda ba.

Me ya sa hannu ke karkata ga ƙaramin baƙi

Ba na ganin laifin Bahaushen da hannunsa ya ja shi zuwa ƙaramin baƙi a wannan wuri. A tamu wasiƙar gaisuwa tana shiga cikin jimla ne, ta zauna daram. Muna rubuta: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa..." A nan waƙafin na gaske ne, yana tsakiyar jimla, kuma "ina" da ƙaramin baƙi ya dace ta zo. Wanda ya tashi da wannan salo, ko ya fara karatu da allo inda Larabci da ajami ba su san wani abu wai shi babban baƙi ba, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki "Dear Sir," a matsayin mafarin jimla.

Kuma ba mu kaɗai muke tunani haka ba. Jamusawa suna sa waƙafi bayan gaisuwa, su sauko layi, su fara da ƙaramin baƙi, sai fa in kalmar tana cikin waɗanda ƙa'idarsu ta ce kullum a ɗaga. A wurinsu gaisuwa da layin farko jimla ɗaya ce, kuma ɗaga baƙin shi ne kuskure. Mutanen Italiya ma sukan yi haka. A Sifaniyanci ruwa biyu ake sawa bayan gaisuwa, ko wasiƙar ta zumunci ce, sannan a fara da babban baƙi. Rashawa kuma sun saba da alamar motsin rai, har a wasiƙar hukuma. Faransanci, wanda 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi ke rubuta wasiƙun ofis da shi, ya yi daidai da Turanci a wannan gaɓa: "Monsieur le Directeur," da waƙafi, sai sabon layi da babban baƙi, "J'ai l'honneur de..."

Abin da wannan ke nunawa shi ne al'ada ce ta yanke hukunci, kowane harshe da tasa. Mai rubutu da Turanci sai ya bi ta Turanci. Ya kamata a faɗa wa ɗalibai haka ɓaro-ɓaro, maimakon a bar su suna neman wata ɓoyayyiyar hikima a inda babu ita.

Waƙafi, ruwa biyu, ko wuri fayau

A nan ne Ingila da Amurka suka raba hanya.

A Ingila waƙafi ake sawa, ko wasiƙar ta aiki ce ko ta zumunci. "Dear Sir," ga manajan banki, "Dear Aisha," ga ƙanwa, duk alama ɗaya. Najeriya da Gana sun gaji wannan tsari, shi ake koyarwa a makarantunmu, shi ne kuma ke cikin wasiƙun ma'aikatu.

Amurkawa sun kasa abin biyu. Wasiƙar zumunci waƙafi take ɗauka kamar ta Ingila. Amma wasiƙar aiki, wadda za a aika wa kamfani ko jami'a ko hukuma, ruwa biyu ake sa mata: "Dear Dr. Bello:" ko "Dear Admissions Committee:" A idon Ba'amurke ruwa biyun nan alama ce ta cewa magana ta aiki ce, an sa rigar ofis. Saboda haka idan wasiƙa ta zo maka daga wata jami'a a Amurka ka ga ruwa biyu bayan sunanka, ba kuskuren bugu ba ne. Idan kuma kai ne mai rubuta musu takardar neman gurbin karatu, ruwa biyun ya fi dacewa da idonsu, ko da yake waƙafi ba zai sa a ƙi karanta takardarka ba. Bayan ruwa biyun ma babban baƙi ne ke buɗe layi na gaba.

Akwai hanya ta uku, wadda ta bazu a ofisoshin Ingila tun zamanin tafireta: a bar adireshi da kwanan wata da gaisuwa da rufewa duka babu alama ko ɗaya a ƙarshen layi. Sai ka ga "Dear Mr Bello" tsirara, babu waƙafi, a ƙasa kuma "Yours sincerely" shi ma haka. Mai buga tafireta da ke fitar da wasiƙu tuli a rana ya samu sauƙi, shafin kuma ya fi tsabta a ido. Alamomin da ke cikin jikin wasiƙar suna nan yadda suke, na gefe kawai aka sauke. Wasiƙun bankuna da hukumomin Ingila da yawa a yau haka suke fitowa.

Duk ukun daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne gauraya su a takarda ɗaya, kuma wannan ne kuskuren da na fi gani a wasiƙun neman aiki. Mutum ya sa waƙafi a ƙarshen kowane layi na adireshinsa, ya manta da shi a adireshin wanda yake rubuta wa. Ko ya bar "Dear Sir" babu alama, ya zo ƙarshe ya sa wa "Yours faithfully" waƙafi. Idan ka sa waƙafi a gaisuwa, ka sa a rufewa. Idan ka bar gaisuwa fayau, ka bar rufewa fayau. A tsarin Amurka kuwa, ruwa biyu a sama, waƙafi a ƙasa: "Sincerely," ba a taɓa sa wa rufewa ruwa biyu.

Alamomi uku ba su da gurbi bayan "Dear". Waƙafi mai ruwa, wato ɗigo a sama da waƙafi a ƙasa, ba ya cikin tsarin Ingila, ba ya cikin na Amurka; ina zaton masu sa shi sun hango ruwa biyun Amurkawa ne suka haɗa shi da waƙafin da suka sani. Aya ma ba ta zuwa, domin "Dear Sir" ba jimla ba ce balle a rufe ta. Alamar motsin rai kuwa, a wasiƙar aiki ta Turanci, kamar ɗaga murya ce a kan wanda kake neman alfarma a wurinsa.

Baƙaƙen da ke cikin gaisuwar kanta

Kalmar farko ta gaisuwa babban baƙi take ɗauka, haka kuma duk suna da duk laƙabi. Shi ya sa "Dear sir" da ƙaramin s kuskure ne: "Sir" a nan yana tsaye ne a madadin sunan mutumin, don haka ana girmama shi kamar suna. Haka "Dear Madam", haka "Dear Editor", haka "Dear Professor Bello".

Sunayen dangantaka ma wannan hanya suke bi idan da su ake kiran mutum. "Dear Mum," "Dear Father," "Dear Uncle Sani," duka da babban baƙi. A cikin jikin wasiƙa kuwa, in ka ce "my uncle is ill", ƙaramin baƙi ne, domin yanzu bayani kake a kansa, ba kiransa kake ba. Laƙabobinmu na gida idan suka shiga wasiƙar Turanci suna samun wannan daraja: "Dear Alhaji Bello," "Dear Hajiya Aisha," "Dear Malam Sani,".

Idan wata kalma ta riga "dear" zuwa, to "dear" ta sauka ta koma ƙaramin baƙi, tunda ba ita ce ta farko ba kuma ba suna ba ce: "My dear Hauwa,". Wasiƙar da aka rubuta wa jama'a kuwa, irin su "Dear colleagues" da "Dear all", an sassauta a kanta. Wasu suna ɗaga baƙin kalma ta biyu, wasu ba sa yi, kuma ba a kama kowa da laifi. Ni na fi son ƙarami, don kalmomin ba sunan kowa ba ne.

Sai batun ɗigon da ke bin "Mr" da "Dr". Ingila ba ta sa aya idan gajartawar ta ƙare da baƙin ƙarshe na cikakkiyar kalmar. "Doctor" ta ƙare da r, "Dr" ma ta ƙare da r, saboda haka babu aya: Mr, Mrs, Dr. Amma "Prof." an datse ta ne a tsakiya, don haka ta cancanci aya. Amurka kuwa duka take sa wa: Mr., Mrs., Dr., Prof. "Miss" ba ta ɗaukar aya a ko'ina, domin cikakkiyar kalma ce. Idan ba ka san ko mace tana da aure ba, ko ba ka ga dalilin shiga wannan ba, akwai "Ms", wadda ta bazu tun shekarun 1970, kuma ita ce mafi aminci a wasiƙar aiki.

Abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, "Dear Ma" da "Dear Sir/Ma" Turancin Najeriya ne. A ofisoshin gida kowa ya gane su, ba kuma wanda zai ji haushi. Amma takardar da za ta tsallaka teku, ko wadda za a rubuta a ɗakin jarrabawa, "Dear Madam" ko "Dear Sir or Madam" take buƙata. Na biyu, "Mr" yana tafiya ne da sunan iyali, wato na ƙarshe, ba da sunan yanka ba. Wanda ake kira Musa Bello "Dear Mr Bello" ne. Lambar girma ta "Sir" kuwa akasin haka take: da sunan farko take tafiya. Shi ya sa Turawa ke kiran Sardauna "Sir Ahmadu", tsohon Firayim Ministan Najeriya kuma "Sir Abubakar", ba a cewa "Sir Bello" ko "Sir Balewa". Mai rubuta wa irin waɗannan wasiƙa "Dear Sir Ahmadu," zai sa.

Kan magana

A wasiƙar aiki irin tamu, tsakanin gaisuwa da jimlar farko akan sa kan magana, layi guda mai faɗin abin da wasiƙar ta ƙunsa. Ko dai a rubuta shi duka da manyan baƙaƙe, ko a ɗaga baƙin farko na muhimman kalmomi a ja layi a ƙarƙashi. Ba a sa masa aya, don ba jimla ba ne.

Dear Sir,
APPLICATION FOR THE POST OF ACCOUNTS CLERK
With reference to your advertisement...

Ga hujja ta biyu a fili: in da gaisuwa rabin jimlar farko ce, da ba a iya tsaga tsakaninsu a dasa kan magana ba.

Imel da saƙon waya

Yawancin wasiƙun da ake rubutawa yau ba sa ganin ambulan, kuma gaisuwarsu ta sauya. "Hi", "Hello" da "Good morning" sun ture "Dear" a wurare da yawa, sun kuma zo da tasu tambayar.

"Dear" siffa ce mai bayyana sunan da ke gabanta, shi ya sa ba a raba su da waƙafi. "Dear, Musa" kuskure ne ko ta ina aka duba. "Hi" da "Hello" kuwa kalmomin gaisuwa ne masu zaman kansu, kuma a ƙa'idar nahawu ana raba gaisuwa da sunan wanda ake gaisarwa da waƙafi: "Hello, Musa." Sai dai masu rubuta imel sun daɗe da kwaikwayon siffar "Dear Musa," suna rubuta "Hi Musa," da waƙafi ɗaya a ƙarshe, har abin ya zama shi ne ruwan dare, a ofisoshin Landan da na New York baki ɗaya. Kowanne ka ɗauka ba ka ɓata ba. A "Good morning" kuwa g kaɗai ake ɗagawa, m ƙarami ne: "Good morning, Dr Bello,".

Muddin ka sauko sabon layi bayan gaisuwar, dokar ba ta canza ba, babban baƙi ne. Inda ta canza shi ne gajeren saƙo na WhatsApp ko tes, wanda gaisuwa da magana ke tafiya a layi ɗaya: "Hi Musa, are you coming today?" A nan an narkar da gaisuwar cikin jimla, kamar yadda muke yi a Hausa, don haka ƙaramin baƙi ne daidai. Tsarin jaridar The Times da muka gani a baya salon gidansu ne, ba a ɗauko shi a kawo cikin saƙon waya.

Kada kuma a dogara da na'ura. Microsoft Word takan ɗaga baƙin farko da kanta idan aka sauko layi, a nan ta taimaka. Amma ba za ta gaya maka ka sa waƙafi a sama ka manta shi a ƙasa ba, ba ta kuma san ko wasiƙarka Abuja za ta ko Washington ba.

Shawarata game da imel na neman aiki ko na tuntuɓar malamin jami'a da ba ku saba ba: a fara da "Dear". Idan shi ya amsa da "Hi", to ya buɗe ƙofa, sai a bi shi.

A ɗakin jarrabawa

Ɗalibin da zai zauna jarrabawar Turanci ta WAEC yana da dalili na musamman na kula da waɗannan ƙananan abubuwa. Ana neman rubutu na kalmomi 450, wasiƙa kuma tana cikin abubuwan da akan ba da zaɓi a kai. Daga cikin maki 50 na wannan sashe, 10 an ware su ne don tsabtar rubutu, wato nahawu da rubutun kalmomi da alamomi da manyan baƙaƙe, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Ɗalibin da ya rubuta "Dear sir" da ƙaramin s, ya bar shi babu waƙafi alhali ya sa wa adireshi, ya fara jimla da ƙaramin baƙi, ya tara kurakurai tun bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Abin takaici ne a ga yaro mai basira, wanda ya iya tsara hujja, yana zubar da maki a layi uku na farko kan abin da za a koya masa a zama ɗaya. Malaman Turanci su dubi wannan. A jarrabawar WAEC da NECO a tsaya kan tsarin Ingila: waƙafi bayan gaisuwa, babban baƙi a layi na gaba, waƙafi bayan rufewa. Ruwa biyu a ajiye shi sai ranar rubuta wa Amurkawa.

Rufewar kanta tana da ƙa'idar baƙaƙe mai sauƙi: kalmar farko kaɗai ake ɗagawa. "Yours faithfully," da babban Y da ƙaramin f. "Yours sincerely," da ƙaramin s. Kuma "Yours" ba ta da ɗan waƙafin nan na sama tsakanin r da s, duk da yawan masu sa shi.

Amma wacce za a zaɓa a cikin biyun? Wannan ya danganta ne da gaisuwar da aka buɗe wasiƙar da ita: wanda ya fara da "Dear Sir" ya riga ya ɗaure kansa da rufewa guda, wanda ya fara da "Dear Mr Bello" kuma da wata dabam. Babi na gaba zai ɗauki wannan, tare da inda ake sa hannu, inda ake rubuta cikakken suna, da abin da ya sa Amurkawa ba su cika amfani da "Yours faithfully" ba. Kafin ka juya shafi, ɗauko wasiƙar Turanci ta ƙarshe da ka rubuta, ka duba alamar da ke bayan gaisuwarka da wadda ke bayan rufewarka, ka ga ko sun yi daidai da juna.